Matar da Ke Sauraron Bango

Mai son sayen gidana a birnin Taichung ya turo mai duba gini, wata 'yar guntuwar mata, Uwargida Kuo. Da silifas ɗinta take yawo a jaka. Ba ta kallon mutum, sai bango. Tana ƙwanƙwasa tayil da siririn ƙarfe, ta karkata kai kamar mai zaɓen kankana, duk inda sautin bai yi mata ba, sai ta manna jar takarda. Ina jin mijinta bai taɓa ɓoye mata ko karan sigari ba.

Ta ajiye ɗan ƙwallon gilashi a ƙasa. Ya gangara, ya tsaya a gindin kabad ɗin da na jawo jiya don in rufe inda danshi ya ci bango.

"Yaya Liao, kai kaɗai ka tura wannan?"

"Shekara goma yana nan," na ce.

Ta dubi sawun ja a kan tayil, ta dubi filastar ciwon baya da ta leƙo ta ƙasan rigata. Sai ta miƙo mini jar takarda.

"Manna da kanka. Amma kada ka sunkuya."