Anzar da na hana a buga

A shekarun fari da yunwa muna da ƙungiyar masu sauraron rediyo a unguwar Zango, nan Damagaram. Ba wanda ake biya, sha'awa ce kawai. Mu haɗu ran Lahadi bayan la'asar, mu aika gaisuwa, mu yi gardama a kan shirye-shirye. Sakatarenmu malamin lakwal ne, wato makarantar boko, Mushe muke ce masa, yadda ake kiran malami da Faransanci. Shi ya ƙirƙiro ƴar jaridar ƙungiya, shafi biyu, yana murza ta a injin lakwal duk wata. Akwai gasa a ciki: kowa ya faɗi labarinsa a taro, wanda aka fi ɗaga wa hannu Mushe ya rubuta shi a shafin farko. Ni ban yi lakwal ba, amma in na buɗe baki taro shiru yake yi. Sau uku ina ci da labaran fataken gidanmu.

Sai wata mata ƴar Hamdara ta shigo ƙungiyar. Fari ne ya koro su, suna zaune a wani kango bayan kasuwa. Ranar gasa ba ta kawo labari ba. Tashi ta yi ta faɗi yadda ake gyara anza, ƴaƴan itacen dajin nan masu ɗaci: a ɓare, a jiƙa, a dinga zubar da ruwa ana sake wani kwana da kwanaki, kafin ta ciyu ba ta ɓata ciki ba.

Mushe ya ce shi dai wannan yake so a buga. Taro ya rabu biyu, wasu na cewa taimako ne, wasu na cewa tonon asiri. Na tashi, na gyara lulluɓi.

"Mushe, jaridar nan tana zuwa Mirriya, direbobi suna kai ta har Kano. So kake a ce Damagaram ta koma cin anza? Mu da kakanninmu suka ciyar da ayari?"

Matar ta ce, a hankali, "Yaya, ai ana ci. Gara a ci daidai."

"A ƙauyenku ake ci, ƙanwata. Bari in mun buɗe jaridar awaki, sai a sa ki a gaba."

Aka kwashe da dariya, har da masu goyon bayanta. Hannu ya rinjaya wajena. Ta ɗauki takalmanta, ba ta sake zuwa ba.

Ba a yi wata biyu ba hatsin gidanmu ya ƙare. Na sayo anza, na rufe ƙwaryar da zane kada a gani. Ashe ranar gasar nan ban saurari bayanin matar ba, ina can ina shirya abin da zan faɗa. Na jiƙa kwana ɗaya na dafa. Innata, tsohuwa, ita na fara zuba wa. Ta yini tana amai har ba ta iya ɗaga kai.

Da ƙafata na je kangon. Matar ta shimfiɗa mini tabarma, na faɗa mata.

"Kwana nawa kika jiƙa?"

"Ɗaya."

"Wayyo, Yaya! Ɗanɗanawa ake yi. In da sauran ɗaci, a sake ruwa."

Ta ɗebo tata da ta gyara, ta ce in kai wa Inna in cikinta ya lafa. Ko sunan jarida ba ta kama ba.

Lahadin da ta biyo na tafi da niyyar in tashi in ce a buga. Mushe ya tambaya ko akwai mai magana, ya dube ni, don kullum ni ke farawa. Na dubi matan da muka yi dariya tare. Na ce kaina ke ciwo.

Har ƙungiyar ta watse ba a buga ba. Ban san gida nawa suka jiƙa kwana ɗaya irina ba, kuma ban taɓa tambaya ba.