Dattijon da Ke Zane a Gwiwarsa

A gidan kallon Tajuddeen da ke Sabon Gari, Gusau, yau da la'asar fim ɗin Turawa aka sa, tarihin mutumin da ya kafa wani babban kamfanin katun, wato zane mai motsi. Samari sai tsaki suke yi. "Ba faɗa, ba rawa, mi za mu kalla?" in ji wani. Rabinsu suka watse.

Tajuddeen kuwa idonsa na kan wani dattijo da bai taɓa gani ba. Siriri ne, hannun rigarsa duk ɗigon fenti. Ƙila cikin masu zana zaki da ɗawisu a jikin manyan motoci yake, a tashar Tsafe. Da alama ba ya jin Turanci. Amma duk lokacin da mutumin fim ɗin ya ɗora fensir kan takarda zai zana wata 'yar dabba, sai yatsan dattijon ya bi layin a kan gwiwarsa, bakinsa a ɗan buɗe.

Fim ya ƙare, bai tashi ba.

"Baba, mun gama," in ji Tajuddeen.

"Ɗana, ashe zane da yawa ake yi, kowane ya ɗan bambanta, sannan dabbar ta motsa?"

"Haka ne, Baba."

Dattijon ya jinjina kai. "Ni zatona ƙwarewa ce ke sa zane tafiya. Shekara talatin ina ganin laifin hannuna."

Ya miƙe, ya gyara hularsa.

"Ina ake saida littafin rubutu nan kusa? Mai shafi da yawa."