Ba a Yi "Riten" Ɗina a Maƙabartar Kurugu Ba

Jiya da hantsi ana haƙa kabari a maƙabartarmu, sai diga ta taɓa ƙashi. Kowa ya yi cirko-cirko. Ni na san mai shi. Inna Hajo ce mai ƙuli-ƙuli, da hannuna na rufe ta.

Shekara arba'in ina gadin wurin nan. Kaburburan ba su da alama, a kaina suke. Watan jiya aka kira ni ofis, wani ma'aikaci ya karanta min takarda da Turanci.

Na ce, "Ɗana, fassara min."

Ya ce, "Baba, ba a yi 'riten' ɗinka ba, wato ba za a ci gaba da riƙe ka ba. An yi 'emfuloyin' mai takardar firamare, shi aka ɗauka a madadinka."

Na ce, "Takardar tasa ta san inda mahaifiyarka take kwance?"

Ya sunkuyar da kai.

Sabon mai gadin ba shi da laifi, jiya har kuka ya yi. Muka mayar wa Inna Hajo ƙasarta, na nuna masa gefen da babu kowa. Gobe ma zan je, ko ba a so.

Jama'a, ku faɗa min, ranar da aka rufe ni, wa za a tambaya?