Muryar Maigidana a Cikin Ordinatar

Maigidana ya rasu bayan sojoji sun karɓi mulki, lokacin da aka rufe gadar Malanbil ta kan iyaka. Aikinsa cike wa ƴan kasuwa takardun duwan, wato kwastan, a wani ɗan shago kusa da gada. A kan babur yake dawowa gida. Har yau in na ji ƙarar babur a ƙofar gida sai na gyara zama, sannan in tuna, in yi kukana. Ba na ɓoyewa.

Da na fita takaba, abokin aikinsa ya aiko cewa zai koma Dosso da ordinatar shagon, wato kwamfutar da suke aiki da ita, zai goge duk abin da ke ciki. In akwai abin da muke so, mu zo. Akwai kuwa. Ranar sunan jikanmu, ɗan babbar ƴata, an ɗauki marigayi yana addu'a, yana dariya, kuma ya ce mini ya ajiye a ciki. Ba ni da muryarsa a ko'ina sai nan.

Ni ban yi lakwal ba, ban san boko ba. Na ɗauka sai wanda ya yi karatu mai zurfi ke iya tono abu a na'urar. Na aika wa babbar ƴata a Yelu, ita ma iyakarta wayar hannu. Muka je. Abokin ya nuna mana wani ɗan gurbi a ƙasan gilashin, ya ce kalma ɗaya ake rubutawa, na'urar ta yi sauran nema da kanta.

Ƴata ta rubuta sunan jaririn. Babu. Ta rubuta nata, sai takardun wata mai shigo da atamfa suka fito. Abokin ya ce marigayi ya tara kaya a ciki kamar rumbu, wataƙila ma ya goge. Ƴata ta fara share ido da mayafi.

Na tambaye ta me ta rubuta. Da ta faɗa, dariya ta kuɓuce mini cikin hawaye.

"Ke, yaushe kika taɓa jin sunan nan a bakin ubanki?"

Sunan mahaifiyarsa ya sa mata. Bai taɓa furta shi ba, ko ɓarna ta yi sai ya ce inna ta yi ɓarna. Mutumin da bakinsa ke jin nauyi, na san hannunsa ma zai ji. Na ce ta rubuta inna.

Abu ɗaya ya fito. Ta danna, sai ga shi da farar hularsa a karkace, yana cewa a matso da goro kusa da liman. Abokin ya miƙe ya fita waje.

Kafin mu tafi ya zuba mana a waya. Ƴata ta nuna mini inda zan taɓa, ta sa na maimaita har na iya. Yanzu in na idar da sallar la'asar nakan kunna da kaina. In ya kai ƙarshen addu'ar, ina cewa amin tare da mutanen da ke ciki.