Surukai Biyu a Tanti Ɗaya

Akwai wata safiya a saman dutse da har yau ba ta fita raina ba. Duk sa'ad da aka kawo sabbin ma'aikata ofishinmu na unguwar Bagdadiyya a Jidda, labarinta nake fara ba su kafin in koya musu kafa tanti. A lokacin shekarata uku a kamfanin, cikin watan Yuli, kuma shi ne karo na farko da aka damƙa mini tawaga ni kaɗai.

Ga wanda bai san aikinmu ba, idan zafin Jidda ya kai inda mutum ke jin kamar ana dafa shi a tsaye, mukan kwashi masu sha'awar tafiyar ƙasa mu kai su ƙasashen duwatsu. Kowace tafiya tana da mushrif, wato shugaban tawaga daga wajenmu, wanda cin mutane da kwanansu da lafiyarsu ke wuyansa. Akwai ɗan jagora, ɗan ƙasar da ya san hanya da halin sama. Sai 'yan dako masu ɗaukar tantuna da kayan girki. Ɗan jagora ne ke faɗin inda za a bi, amma mushrif ne ke faɗin wanda zai bi.

A wannan karon Kirgizistan muka nufa, wurin wani tafki da ke can ƙuryar duwatsu. Ruwansa ba na sama ba ne, daga ƙanƙarar da ta daskare a kan duwatsun tun kaka da kakanni yake tsatsowa. Tsarin shi ne mu yi kwana biyu muna hawa har bakin tafkin, a rana ta uku mu haye mashigi, wato wuyan da ke tsakanin tsaunuka biyu, kusan mita dubu huɗu sama da teku, mu gangara kwarin da ke baya. Ga mutanen da suka tashi a bakin teku wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin iskar can ba ta da kauri, mutum sai ya ja numfashi biyu kafin ya sami na ɗaya.

Mutum tara aka ba ni. Biyu daga cikinsu Hausawa ne. Akwai Alhaji Tukur, mai shagon kayan gini a unguwar Madain Fahd, wanda iyayensa suka zo daga Sudan. Ya haura sittin, amma kullum bayan asuba sai ya taka bakin teku kamar mai bin sawun ɓarawo. Sai Sanusi, mijin 'yarsa, wanda ya zo daga Zariya shekarun baya kaɗan, yana tuƙa injin ɗaga kaya a tashar jiragen ruwa. Wata shida da ɗaurin aurensu, kuma Alhaji ne da kansa ya gayyato shi. Ƙato ne, damtsensa ɗaya ya kusa cinyata. Da na gan shi a filin jirgi sai na ce a raina, wannan kam ba shi ne zai ba ni wahala ba.

Kafin mu tashi, mudir, wato manajan kamfaninmu, ya kira ni ofishinsa.

"Usman, raba tanti kamar kullum, 'yan gida ɗaya tare. Tara na ba ka, tara nake so."

"Abshir, ya ustaz," na ce masa, wato an gama, malam. Na ɗauki biro na rubuta Alhaji Tukur da Sanusi a tanti na huɗu, ina ganin na yi abin kirki.

A nan ya kamata in faɗi laifina. Ni a Jidda aka haife ni. Hausa muke yi a gida, amma ci irin na nan muke yi, faranti ɗaya, kowa ya sa hannu. Mijin yayata yakan zauna gwiwa da gwiwa da mahaifina, hannu cikin shinkafa, suna musun ƙwallo. Na sha jin kakata tana zancen kunyar suruki, amma na ɗauke shi labarin mutanen da.

Kwana biyun farko sun tafi sumul. Muka bi gefen rafi, muka ratsa dajin itatuwa dogaye, daga nan itatuwa suka ƙare, sai ciyawa, ciyawa ta ƙare, sai tsagwaron dutse. Ɗan jagoranmu Nurlan, mutum ne da ba ya ɓarnar magana, yana gaba, ni ina baya ina ƙirga kawuna. Abinci a babban tanti ake ci, kowa ya kewaye leda ɗaya. Sanusi kuwa ya zame mini kamar mataimaki. Shi ke zuba shayi, shi ke miƙa burodi, shi ke kwashe kwanuka. Idan na ce, "Sanusi, zauna mana ka ci," sai ya yi murmushi ya ce, "Na ci, Yaya Usman, alhamdu lillahi." Har yabonsa na yi a gaban jama'a, na ce wa samarin nan 'yan Jidda masu kwanciya kamar buhun siminti su yi koyi da shi.

Ƙa'idarmu ce kowace safiya mushrif ya maƙala wa kowa 'yar na'ura a yatsa, mai nuna yawan iskar da ke cikin jini, sannan ya yi tambaya uku: kanka na ciwo, ka yi barci, ka ci abinci? Safiyar rana ta uku, a bakin tafkin, na bi su ɗaya bayan ɗaya. Lambar Sanusi ta ɗan yi ƙasa, amma ba ta kai ta tashin hankali ba. Na yi masa tambayoyin yana tsugune a ƙofar tanti, Alhaji na tsaye a kansa yana jan carbi. Ukun duka ya amsa da "lafiya lau". Na lura leɓɓansa sun tsage, na ce sanyi ne. Na sa hannu a takarda, muka kama hanya.

Hawan mashigin nan ba ya son wasa. Hanyar siririya ce a jikin gangare, duk tsakuwa mai gudu, ka taka uku ta dawo da kai ɗaya. Idan ka waiga dama, tafkin na can ƙasa, kore shar kamar an zuba masa shuni, kyakkyawa ƙwarai, kuma babu komai tsakaninka da shi sai santsi. Nurlan ya gindaya sharaɗi tun da safe cewa dole mu haye kafin azahar, domin bayan nan hadari kan taso. 'Yan dako kuma sun naɗe tantuna sun yi gaba tuntuni.

Mun ci kusan kashi biyu cikin uku sai na ga Sanusi ya fara tangaɗi. Ya dafa sanda, sandar ta zame. Ya sake takawa, ƙafarsa ta dama ta tafi wajen gangaren, tsakuwa ta kwarara ƙasa har muka daina jin ƙararta. Na cafko jakarsa ta baya na zaunar da shi a gindin wani dutse. Hannunsa na rawa, fuskarsa ta yi toka, gumi na tsattsafo masa a cikin wannan sanyi.

Nurlan ya sauko ya dube shi, ya ce ciwon tsauni ne, a mayar da shi ƙasa. In haka ne, gaskiyarsa, domin wannan ciwo maganinsa ɗaya, sauka. Amma mayar da ƙaton da ba ya iya tsayuwa ta kan wannan tsakuwa, zuwa bakin tafkin da babu tanti babu wuta, shi ma wata hanyar rasa mutum ce. Na ce ya ba ni minti biyar.

Na buɗe jakar Sanusi don in ciro masa rigar sanyi. Gorar ruwansa cike take fal. A ƙarƙashinta ga ƙunshin guzurin da muke raba wa kowa da safe, dabino da gyaɗa da burodi da cuku, har guda uku, ba wanda aka kwance. Na ɗaga kai. Alhaji na durƙushe a gabansa da dabino a tafin hannu, yana cewa, "Karɓi mana, yaron nan, sa a bakinka." Sanusi kuwa ya karɓa da hannu biyu, ya ce, "Na gode, Baba," ya sunkuyar da kai, ya riƙe dabinon a hannu kamar ajiya.

A nan ne kakata ta faɗo mini a rai.

Na matsa kusa da kunnensa na ce, "Sanusi, tsakaninka da Allah, yaushe rabonka da abinci?"

Ya saci kallon Alhaji, ya yi ƙasa da murya. "Tun a gari, Yaya Usman. Sai ɗan shayi."

"Ruwa fa?"

"In na sha, fitsari zai tashe ni da dare. Ta ina zan fita? Baba na kwance a bakin ƙofa, in tsallake shi?"

Wallahi na rasa ko dariya zan yi ko kuka. Mutum ya hau dutse kwana biyu da rabi da yunwa da ƙishirwa, ni kuma ina ta yabonsa. Haushin kaina ya kama ni, amma hankalina ya kwanta, domin yanzu na san abin da nake yaƙi da shi. Sauran aiki ɗaya, in raba shi da Alhaji ba tare da na kunyata ko ɗayansu ba.

Na ja Alhaji gefe. "Ya ammi, baffana, ina neman alfarma. Samarin can sun tsaya suna kallo, jikinsu zai yi sanyi. Kai ne babba. In ka bi Nurlan kuka yi gaba, kowa zai bi. Ni zan taho da Sanusi."

Ya dube ni, ya dubi jakar da ke buɗe. Sannan ya ce, "Kai ne ka haɗa mu tanti ɗaya?"

"Ni ne."

"Allah ya shirye ku, 'yan Jidda." Ya girgiza kai. "Ka san kullum da safe sai in fita cikin sanyin nan, in ce zan zaga, don in ba shi wuri ya ci wani abu? Ina waigawa sai in gan shi a bayana riƙe da buta. Ni ma rabin cikina nake ci, don in tashi da wuri in bar masa ledar. Ina tashi, ya tashi."

"Me ya sa ba ka faɗa mini ba, ya ammi?"

"In ce maka me? Surukina ba ya cin abinci? Halas, yi aikinka." Ya ɗauki sandarsa ya daka wa samarin tsawa, "Yalla, ya shabab!" Bai sake waiwayowa ba har suka sha kwana.

Ƙeyarsa na ɓacewa, Sanusi ya jefa dabinon nan baki. Na haɗa masa ruwan gishiri da sukari, na ce kurɓi-kurɓi, ban da gaggawa. Na zuba masa shayi mai zafi daga fulas ɗina. Ƙunshi na farko ya tafi kafin in rufe fulas, na biyu sai da na riƙe hannunsa na ce a hankali, ba gudu abincin zai yi ba. Na ba mu minti arba'in a agogo, na kuma gaya masa gaskiya: in lokacin ya cika bai iya tafiya a miƙe ba, ƙasa za mu koma ko da jan ciki ne, kuma ba na son jin "lafiya lau".

Da lokaci ya cika na ja layi a ƙasa da sandata, a wani ɗan fili. Wannan gwaji ne da muke yi, mutum ya bi layi yana haɗa diddige da yatsun ɗaya ƙafar. Wanda ciwon tsauni ya taɓa wa kai ba ya iyawa. Sanusi ya bi ya dawo, ya sake bi. Rawar hannun ta tafi, lambar na'ura ba ta ƙara sauka ba. Na tambaye shi kai fa, ya ce, "Yana ɗan sara, amma ba kamar ɗazu ba." Ita ce amsar gaskiya ta farko da na samu daga bakinsa, kuma ita ta sa na yarda mu ci gaba.

Na karɓi jakarsa na rataya a ƙirji, na sa shi gaba, taku ashirin mu huta. Muka isa mashigin ana saura kaɗan azahar, hadari ya fara haɗuwa daga yamma. Daga can tafkin ya koma ɗan ƙarami, ƙanƙarar da ke shayar da shi na kwance a samansa fara fat, tsaunuka kuwa jere har iyakar gani. Akwai wata ƙololuwa kusa da mashigin da masu sauran ƙarfi kan ƙarasa, Alhaji har ya je ya dawo. Sanusi ya dubi ƙololuwar ya dube ni. Na ce ko da wasa, kuma bai yi musu ba.

Da muka sauka kwarin da yamma, na sauya rabon tanti. Na ce minsharin Alhaji ne ya dace da nawa, kowa ya yi dariya, aka wuce wurin. Abinci kuma na ce daga yau layi biyu ne, manya a ciki, matasa a waje wajen masu girki. A ranar Sanusi ya ci kwano uku, mai girki har leƙowa ya yi ya ga ko mutum nawa ne.

Da muka dawo Jidda na rubuta komai a rahoto, har da cewa kuskuren nawa ne. Mudir ya karanta sau biyu, ya cire tabarau.

"Yani mutum ya kusa faɗawa tafki don ba ya son tauna a gaban baban matarsa?"

"Haka ne, ya ustaz."

"Wannan a wane littafin horo yake?"

"Ba ya ciki," na ce. "Shi ya sa na rubuta."

Na yi tafiye-tafiye da yawa bayan wannan, na haye mashigai da suka fi wancan tsawo, kuma na san aikina. Abin da nake gaya wa ƙannena a wannan sana'a shi ne, dutse ba ya ɓoye halinsa, ɗan jagora zai karanta maka shi tun da safe. Mutanenmu ne ke ɓoye nasu, ba don ƙarya ba, sai don ladabi, kuma wanda ya fi kowa ladabi shi ya fi kusa da faɗuwa. Kada ka tambayi mutum lafiyarsa a gaban wanda yake jin nauyi. Ka ja shi bayan dutse, ka buɗe jakarsa, ka duba gorarsa da idonka. Ni dai tun daga wannan tafiya, ba na ɗora biro a takardar rabon tanti sai na san wa ke auren 'yar wa.