Tantabarun Haladu Sun Hau Bene

A Dutse Uku, in ka tambayi gidan Haladu direba sai a yi ta kallonka. Amma ka ce Haladu Mai Tantabara, har jaririn goye zai miƙa yatsa.

Tifa ya ja wa kamfanin kuza tun yana da gashin kai har kan ya zama kamar ƙwai. Ya haifi 'ya'ya, ya aurar, sun watse Kaduna da Ikko, ya rage daga shi sai matarsa Safara'u. Duk wannan a wurinsa ƙarin bayani ne. Ainihin aikin da ya zo yi duniya shi ne tantabara. Tukwanen da suke kwana a ciki jere suke a can saman katanga, ƙarƙashin kwano. Da hantsi zai fito tsakar gida da ƙwaryar gero, ya yi wani fito ta tsakanin haƙoransa na gaba, sai ka ga rana ta yi duhu. Kowacce da sunanta: akwai Soja mai faɗa, akwai Gwauro, akwai Baturiya, fara fat, wadda ba ta sauka ko'ina sai kafaɗarsa. Safara'u takan ce ita ko ranar da aka kawo ta ba a yi mata irin kallon da ake wa Baturiya ba.

To, sai sanyin Jos ya shiga gwiwoyinsa ya yi shimfiɗa. Tsanin da yake hawa yana waƙa ya koma masa Dutsen Shere. Ranar da ya hau ya kasa saukowa, har sai da aka tara maƙwabta suka sauke shi kamar buhun dankali, Safara'u ta sa gatari ta mai da tsanin itacen girki. Dole Haladu ya sa aka sauko da tukwanen ƙasa, daidai ƙugunsa.

Ita kuwa tantabara tsuntsuwar sama ce, ba ta kwana inda muzuru zai leƙo ya yi mata sallama. A shekarar kuma Alhaji Jelili, Bayarabe mai sayar da kayan mota, ya gama benensa a tsallaken titi, sabo fil, da baranda da lungu-lungu a ƙarƙashin rufi. Soja ne ya fara tafiya. Gwauro ya bi. Kafin damina ta ɗauke, har Baturiya ta kwashe kayanta.

Haladu ya daina cin tuwo. Zai zauna a ƙofar gida, wuya a ɗage, yana kallon dukiyarsa tana shawagi a kan rufin wani. Abin da ya fi ci masa rai, mutanen unguwa sun yi imani tantabara gidan arziki da zaman lafiya take bi. Sai ka ji masu wucewa suna cewa, "Kai, Alhaji Jelili Allah ya yi masa, har tsuntsaye sun shaida." Haladu ya ji kamar ya tashi ya ture benen da kafaɗa.

Shi Jelilin ma bai san darajarsu ba. Wata safiya ya tsallako yana murmushi, ya rusuna.

"Baba, ina kwana. Tantabara naka ya ɓata mini baranda da kashi. Musamman wannan fari ɗin, shi ne oga."

"Ita," in ji Haladu. "Baturiya sunanta. Kakar kakarta a hannuna aka ƙyanƙyashe ta."

"To Baba, ko ka zo ka ɗauka?"

"Da wace gwiwar?"

Ya shiga gida ya sanar wa Safara'u zai sayo sababbi, waɗanda za su sa na benen su ji kunya su dawo.

"Malam, ka dubi furfurarka," ta ce, ko ɗagowa daga tsintar shinkafa ba ta yi ba. "In ka sayo, wa zai bi su sama? In kuma ta Allah ta kasance, ni dai miya zan yi da su, na faɗa maka tun yanzu."

Duk da haka ya ɗingisa har kasuwar 'yan kaji, wurin Shu'aibu, wanda ya daɗe yana sayar masa da tsuntsaye. Shu'aibu ya zaro masa wasu miji da mata masu wuya kore yana sheƙi. Haladu ya riƙe macen, ya ji zuciyarta na bugawa a tafinsa, nan take ya raɗa mata suna a ransa.

"Ka san aikin, Baba," in ji Shu'aibu. "Ka fige fiffiken, kafin gashi ya tsiro sun saba da gida."

"In ya tsiro fa? Tukwanena a ƙasa suke."

"Sai ka sake figewa. Ka yi ta figewa."

"Wannan ai kaza ka sayar mini ke nan."

Ya tsaya da ita a hannu har Shu'aibu ya sallami mutum uku. Ba tausayi ne ya tsayar da shi ba, kada ma wani ya yaba masa. Hango abin ya yi ƙarara: shi ya saya, shi ya ba da gero da ruwan kanwa, shi ya koya mata sauka a kafaɗa, sannan ko gashi ya tsiro, ko a kai shi makwancinsa, ta tashi fir ta sauka a barandar Jelili, ana cewa arziki ya ƙaru.

"Ni in yi reno Jelili ya gada?" ya faɗa da ƙarfi, har kajin kasuwa suka yi tsit. Ya mai da ita keji. "Riƙe abarka. Na rufe saye."

Washegari da hantsi sai ga shi da kujerarsa da ƙwaryar gero. Bai zauna a ƙofarsa ba. Tsallakawa ya yi ya dasa kujerar a gaban shagon Jelili da ke ƙasan benen, lokacin da masu sayen kaya suka fi yawa, ya saki fiton nan. Rufin bene ya yi kamar zai tashi. Soja ya dira a gwiwa, Gwauro a hula, Baturiya a kafaɗa tana ja masa kunne. Haladu bai kalli kowa ba, sai dai ya ce wa iska, "A can suke haya. Maigidansu ga shi nan."

Haka yake yi kullum yanzu. Jelili ya gwada da shinkafa 'yar gwamnati, ya yi fito har kumatunsa suka yi ciwo, ko ɗan shila bai waiwayo ba. Rannan ya kawo wa tsohon shayi, ya durƙusa.

"Baba, ka koya mini fito ɗin nan mana. Saboda gaba."

"Wace gaba?"

"Ka sani... rai."

"In na tafi su yi ta nemana," in ji Haladu, ya shanye shayin tas.

Matsala ɗaya ce. Fiton ta tsakanin haƙora biyu yake fita, ɗaya kuma ya fara girgiza. Haladu ya bar tsire, ya bar rake, goro ma sai Safara'u ta daka masa a turmi. Da safe kafin ya gaida kowa, sai ya sa harshe ya taɓa haƙorin ya ji yana nan, sannan ya ɗauki ƙwarya ya tsallaka titi.