Miyar Kuka a Ɗakin Yaya

Shekarar da ciwon ƙoda ya kwantar da yayana, ban cika yin mako ban shiga mota daga Nguru zuwa Gashuwa na duba shi ba. Masunci ne, kuma a da mutum ne mai ci. Shi kaɗai yakan tashi da kwanon burabusko, ya kora da ruwan randa, ya koma bakin kogi. Sai ga shi likita ya hana shi gishiri da busasshen kifi, ruwa ma sai an auna masa.

Matarsa takan ɗora tukunya biyu. Tasa salam, ba ɗanɗano. Tamu kuwa a bayan ɗakin girki muke cinta a tsaye, mu kuskure baki sosai kafin mu koma wurinsa.

Abin da ya fi damuna shi ne abincin yana yi mini daɗi. Na so a ce ganin ƙafafunsa a kumbure ya kashe mini sha'awar ci, amma ko kaɗan. Rana na yi, cikina zai fara kira kamar ba abin da ya faru a gidan. Har ƙari nake yi, ina jin kunyar kaina.

Wata rana bayan azahar na shiga ɗakinsa, sai ya ce, "Miyar kuka aka yi yau."

Na ce, "Ban kula ba, Yaya."

"Ƙodata ce ta lalace, hancina lafiyarsa lau. Je ki ɗauko kwanonki ki ci a nan."

Na yi ta kawo uzuri, ya ƙi saurare. Na ɗauko, na zauna a gefen tabarmarsa. Ya zuba wa hannuna ido, duk lomar da na ɗaga sai ya raka ta har bakina.

"Kifin tarwaɗa ne?"

"Tarwaɗa ce."

"Gishiri ya ji?"

Na so na ce bai ji ba. Na ce, "Ya ji daidai."

Ya gyaɗa kai, ya ce, "To cinye." Na cinye. Daga nan ya juya fuskarsa bango. Daga baya matarsa ta gaya mini ko taɓa nasa abincin bai yi ba ranar.

Har yau ban san ko daɗi na sa ya ji ko ƙara masa ciwo na yi ba. Ba wanda ya taɓa cewa na yi laifi, ni ma na duba ban ga inda na kuskure ba. Lafiyata kawai nake da ita, shi ba shi da tasa, kuma ba abin da zan iya gutsura masa ba ne. Amma nauyin bai sauka ba.

Ya rasu bayan damina. Ranar da aka kai shi, maƙwabta suka aiko da tuwo. Matarsa ta ture kwanon, ta ce ba zai wuce mata ba. Ni na wanke mata hannu, na zauna kusa da ita, na fara kai loma don ta samu ta bi. Yunwa nake ji sosai, ban gaya wa kowa ba.